Na ce kada a buɗe makaranta lokacin korona, yayata ta ce ni na kashe karatun ɗanta

Anti, barka da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce, shekara goma sha huɗu ina koyarwa. Lokacin korona, bayan makarantu sun yi watanni a rufe, gwamnati ta sa ranar komawa. Ƙungiyarmu ta malamai ta kira taro, ni kuwa na miƙe na ce kada mu koma. Ajina a cike yake maƙil, tagogi biyu cikin uku ba sa buɗuwa, babu ruwan wanke hannu, ga mahaifiyarmu mai ciwon suga a wurina take zaune. Ra'ayinmu ya yi rinjaye, aka ƙara kusan zango guda ba a koma ba. Ɗan yayata yana aji uku a lokacin, yaro mai son karatu. Da aka koma, abin da yake karantawa a da ya gagare shi. Yanzu yana sakandare, kullum a ƙarshen aji, ya tsani makaranta. Wata rana Yaya ta ce mini a gaban Mama: "Ku kuna kwance ana turo muku albashi, 'ya'yanmu suna lalacewa." Na ce mata: "Da na kwaso cutar Mama ta mutu fa, da me za ki ce?" Tun daga ranar sai gaisuwa a tsaye. Yanzu abokan aiki suna so in tsaya takarar sakatariyar reshen ƙungiya. Laifi na yi? In ba ta haƙuri? In karɓi muƙamin?

Malama, sannu da wannan nauyi da kika daɗe kina ɗauke da shi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba taron ƙungiyar ba ne. Amsar da kika mayar wa yayarki ce, a gaban uwar da ta haife ku duka. Zan dawo kanta. Bari mu fara da tambayarki ta farko, domin na san ita ce ke hana ki barci.

Tsoron da kika ji ba na banza ba ne, kuma kada ki bari yau, da ƙura ta lafa, wani ya sa ki ji kunyarsa. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, kafin ƙarshen Afrilu ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190 suna zaune a gida. Babu allurar rigakafi. Sai a Disamban shekarar aka fara yi wa jama'a a Birtaniya, wasu ƙasashen ma sun jira watanni masu yawa bayan nan. Abin da aka gane da wuri shi ne cutar ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini kwaf ɗaya. Ke kuwa kina da irin wannan mutum a cikin gidanki, kina haɗa mata magani, kina zama kusa da ita. Ko a Siwidin, inda aka bar makarantun yara 'yan ƙasa da shekara 16 a buɗe, da aka zo aka duba, malaman ƙaramar sakandare da suka ci gaba da shiga aji sun kamu kusan ninki biyu na takwarorinsu na babbar sakandare da ke koyarwa daga gida. A Isra'ila an buɗe makarantu a watan Mayun 2020, aka yi rashin sa'a zafi ya taso, aka ɗage wa ɗalibai sa takunkumi na 'yan kwanaki, aka rufe tagogi aka kunna na'urar sanyaya ɗaki. A wata sakandare guda a birnin Ƙudus, mai ɗalibai 35 zuwa 38 a aji, ɗalibai 153 da ma'aikata 25 suka kamu. Aji cunkushe, iska ba ta shiga: ajinki ke nan kika kwatanta mini. Tagogin nan biyu da ba sa buɗuwa, su ne hujjarki mafi ƙarfi, fiye da ruwan wanke hannun ma, domin sai a 2021 manyan hukumomin lafiya suka fito fili suka amince cewa cutar tana yawo a iskar ɗaki, bayan an ɓata watanni ana ta fesa magani a kan tebura da kujeru.

To amma kin tambaye ni gaskiya, kuma ba zan ba ki rabinta ba. Yayarki ma ba ƙarya ta yi ba.

Abin da ya samu ɗanta ya samu miliyoyin yara, kuma an auna shi. A Holan, ƙasar da kusan kowane gida ke da intanet mai ƙarfi, makarantun firamare sun rufe na kimanin mako takwas kacal a zagayen farko. Da aka duba jarrabawar yara kusan dubu 350, sai aka ga tamkar ba su ƙaru da komai ba a waɗannan makonni, kuma asarar ta fi tsanani da kusan kashi 60 cikin ɗari a gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba. Mako takwas ke nan, a ƙasa mai wadata. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar samun darasin daga gida ko kaɗan, ba ta waya ba, ba ta rediyo ba, ba ta talabijin ba. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta sun tashi daga kashi 57 zuwa kusan 70 cikin ɗari. Ke malama ce, kin fi ni sanin abin da aji uku yake nufi. Nan ne gaɓar da yaro ke tashi daga koyon karatu ya koma yin karatu don ya koyi sauran darussa. Wanda igiyar ta tsinke masa a nan, lissafi ma zai gagare shi, domin ba ya iya karanta tambayar. Sai a yi ta ɗaga shi aji zuwa aji, kowace shekara ramin yana ƙara zurfi, har ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne. Yaron da kika ce ya tsani makaranta, ina kyautata zaton ba makarantar ya tsana ba. Ya gaji da jin kunya ne a gaban sa'anninsa.

Ga hukuncina, ki ɗauka ko ki bari. Rufewar farko, ta watannin da ba a san kan cutar ba, ba na ganin laifin kowa a cikinta. Tsawaitawar da ta biyo baya, a wurare da yawa, ta wuce misali, kuma yara ne suka biya, alhali su ne cutar ta fi sassauta wa kuma su ne ba su da wakili a kan teburin. Gwamnati tana da bakinta, malamai suna da ƙungiya, masu kasuwanci suna da masu yi musu magana, shi ya sa a wasu wuraren aka buɗe shaguna da gidajen shaƙatawa makarantu na kulle. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da kowa sai uwarsa. Idan kika ji zafin muryar yayarki, wannan ne a ƙarƙashinsa.

Wannan ba ya nufin ƙungiyoyin malamai ne suka rufe makarantun duniya, kamar yadda wasu ke son a ɗauka. Yuganda ta yi kusan shekara biyu, sai ranar 10 ga Janairun 2022 aka buɗe gaba ɗaya, kuma umarnin gwamnati ne. Akwai ma inda ƙungiya ta hango abin da gwamnati ta ƙi gani. A Ingila, farkon Janairun 2021, cutar na ta hauhawa, babbar ƙungiyar malamai ta shawarci mambobinta cewa komawa aji ba lafiya. Firaminista Boris Johnson ya nace cewa makarantu lafiya lau suke, yaran firamare da yawa suka koma ranar 4 ga wata, a daren ranar ya fito ya sanar da rufe su, ba a sake buɗe su ga kowa ba sai watan Maris. Kwana ɗaya aka yi. A ɗaya gefen kuma ga Chicago a Amurka, Janairun 2022, bayan an daɗe da samun rigakafi: ƙungiyar malamai ta ƙi shiga aji, hukumar birni ta ƙi yarda a koyar daga gida, aka yi kwana biyar yara sama da dubu 300 ba darasi ko ɗaya, iyaye suna samun sanarwa cikin dare. Kowane ɓangare yana cewa don yaran yake yi.

Wadda nake so ki riƙe ita ce Denmak. Ranar 15 ga Afrilun 2020, wata guda kacal da rufewa, suka mayar da ƙananan yara makaranta. Ba wai malamansu sun fi ku ƙarfin hali ba ne. An zauna da ƙungiyar malaman tun kafin a sa rana, aka raba yara ƙananan rukuni da ba sa cuɗanya, aka fitar da darussa da yawa waje, aka sa wanke hannu a kai a kai, kuma cutar ba ta ɓarke saboda hakan ba. Na san ƙasa ce mai kuɗi da ƙananan azuzuwa, ba na cewa a kwafo ta. Abin da nake nuna miki shi ne bambancin tambaya. A can tambayar ita ce: me za a yi don mu koma? A taronku, bisa yadda kika ba ni labari, tambayar ita ce: mu koma ko kada mu koma?

Saboda haka ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki abu biyu, ba don ki azabtar da kanki ba. Da kika miƙe a taron nan, kin ce kada a koma sai an gyara tagogi, an kawo ruwa, an raba aji biyu, na safe da na yamma, an ba malamai masu larura ko masu jinya a gida wani aikin daban? Ko kin ce kada a koma kawai, sai abin ya wuce? Na farko sharaɗi ne da kafinta da tankin ruwa za su iya cikawa cikin mako biyu. Na biyu jira ne da ba shi da rana. Kuma ki lura, matsalarki ta gaske, wato Mama, taki ce ke kaɗai da wasu tsirarun malamai. Maganinta shi ne a ɗauke ki daga aji, ko a sauya miki aiki na ɗan lokaci. Ƙungiya ta fi kowa iya ƙwato wa mutum irin wannan haƙƙi. Maimakon haka, larurar wasu ta zama dalilin zaman kowa. Tambaya ta biyu kuma: a zangon da aka ƙara, me kuka yi wa yaran? A Botsuwana an gwada abu mai sauƙi lokacin rufewar: saƙon tes ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi, sai kiran waya na minti goma sha biyar zuwa ashirin sau ɗaya a mako, ta ƙaramar wayar iyaye. Yaran da aka kira sun fi waɗanda ba a kira ba iya lissafi. Idan kun yi wani abu makamancin wannan, alhamdu lillahi, ki faɗa wa yayarki. Idan ba ku yi ba, to a nan ne maganarta ta albashi ta samu wurin zama, ko da ta faɗe ta da kaushi.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Uwa ta zo tana kukan ɗanta, kika ɗauko gawar mahaifiyarku, tana zaune da ranta tana jin ku, kika ajiye a tsakani. Na san ba da mugunta kika yi ba, an soke ki ne kika rama da abin da ke hannunki. Amma ki duba abin da kowacce ta ji. Yayarki ta ji cewa kina tuhumarta da fifita karatun ɗanta a kan ran uwarta, abin da ba ta taɓa faɗa ba. Mama kuwa ta ji cewa saboda ita jikanta ya koma baya, kuma saboda ita 'ya'yanta biyu ba sa magana. Tsohuwa ba lallai ta furta ba, amma irin wannan magana tana kwana da mutum. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da 'ya'yanta suka yi irin wannan saɓani a kanta. Duk lokacin da ɗaya ta shigo, sai ta yi ta gyara bakin mayafinta tana kallon ƙofa, ko ɗayar za ta biyo baya. Ba ta ce komai ba har suka tashi. Ki fara da Mama. Ki gaya mata, da bakinki, cewa ba ita ce sanadi ba, kuma ba ki taɓa yin nadamar kare ta ba.

Sannan ki je wurin Yaya. Ki je da ƙafarki, kada ki tura saƙo, kada ki aika wani. Ke ce ƙarama, kuma ko ba don haka ba, ke ce wadda ɗanki bai yi asara ba. Kin tambaya ko ki ba ta haƙuri. E, ki ba ta, amma ki san a kan me. Kada ki ce kin yi nadamar tsoron da kika ji, domin ƙarya ne, kuma za ta gane. Ki ba ta haƙuri a kan maganar da kika mayar mata. Ki ba ta haƙuri a kan cewa duk shekarun nan, ke da kike malama, ke da kika fi kowa a gidan sanin yadda ake ɗora yaro a kan karatu, kin tsaya kare matsayinki ba ki taɓa cewa a kawo miki shi ba. Ban ga inda kika ambaci hakan a wasiƙarki ba, shi ya sa na faɗa. Idan na yi kuskure ki yafe mini. Kina iya ce mata: "Yaya, na ji tsoro a kan Mama, har yau ina ganin da dalili. Amma abin da ya samu yaron nan gaskiya ne, ina cikin waɗanda suka tsawaita zaman, kuma ban tsaya na saurare ki ba." Daga nan ki yi shiru. Za ta iya yin kuka, za ta iya maimaita maganar albashin, za ta iya ƙin kallonki. Kada ki ɗauko Siwidin ko Isra'ila, waɗannan na ba ki ne don zuciyarki ta natsu, ba don ki ci ta da hujja ba. Mai ciwo ba lissafi yake nema ba.

Shi kuma yaron, bai makara ba, amma kowane zango da ya wuce yana ƙara wahalar aikin. Kada ki fara da littafin ajinsa. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ki ba shi gajeren sakin layi ya karanta da ƙarfi, ki saurara da kunnen malama: haruffa yake haɗawa da ƙyar, ko kalmomin yana iya su amma numfashinsa na ƙarewa kafin jimla ta ƙare, ko yana karantawa sumul amma in kin tambaye shi me aka ce sai ya sunkuyar da kai? Kowanne da maganinsa. A lissafi ki koma baya har inda ƙafarsa ta taka ƙasa, ko da ragewa mai aro ce ta aji uku. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, a koyar da yaro daga inda ya tsaya ba daga ajin da shekarunsa suka kai shi ba, kuma an gwada ta a ƙasashe da dama ta yi aiki. Zama gajere, rabin awa, sau uku a mako, ya fi awa uku a rana ɗaya. Ki kula da mutuncinsa sosai: saurayi ne yanzu, idan ya ga littafi mai hoton 'yan yara zai rufe zuciyarsa. Ki samo rubutu mai sauƙi a kan abin da yake so, ƙwallo ne ko injuna ko dabbobi. Kuma ki faɗa masa a fili cewa ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba, an rufe masa ƙofa ne a daidai shekarar da ya fi bukatarta, shi da miliyoyin yara. Mai yiwuwa babu babban da ya taɓa gaya masa haka. Idan kin ga bayan watanni ba ya motsawa duk da ƙoƙari, a duba idonsa da kunnensa, a kuma nemi wanda ya san matsalolin koyon karatu, kada a ɗora komai a kan korona.

Batun muƙami, ni dai ina ganin ki karɓa, bayan kin je wurin Yaya, ba kafin nan ba. Kada abin da ya faru ya sa ki raina ƙungiya. Ba don ita ba, malami ɗaya ba shi da bakin da zai ce tagar ajinsa ba ta buɗuwa a saurare shi, kuma iskar da malami ke shaƙa a aji ita yaran ke shaƙa. Abin da reshenku ke bukata shi ne wadda ta ɗanɗani abin ta fuska biyu, ta kwana da tsoron kai wa uwarta cuta, ta kuma ga ɗan 'yar'uwarta yana in'ina a kan layin da yake karantawa da gudu a da. Wata annobar za ta zo, ko ambaliya, ko rikici, wani abu dai zai sake sa a yi maganar rufe makaranta. Kafin ranar, ki sa a rubuta a ajiye: waɗanne sharuɗɗa ne idan an cika su malamai za su koma, a cikin kwana nawa, wa zai duba, ƙananan azuzuwa su ne na ƙarshen rufewa kuma na farkon buɗewa, malami mai larura ko mai jinya a ɗauke shi shi kaɗai ba tare da an taɓa albashinsa ba, kowane malami ya san yaran da zai riƙa kira idan an rufe. Ki nemi a riƙa gayyatar iyaye biyu ko uku su yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a irin waccan, ko da ba su da ƙuri'a. Wasu abokan aikinki za su ce kin sayar da su. Ki jure, ki nuna musu cewa ƙungiyar da iyaye suka daina yarda da ita, ranar da ta fito neman ƙarin albashi ita kaɗai za ta tsaya.

Ki kuma fara da tagogin nan biyu. Ina da yaƙinin har yau ba sa buɗuwa. Ki sa su a takardar farko da za ki sa wa hannu a matsayin sakatariya, kuma idan kin je gidan Yaya, ki tafi da littafi ɗaya da fensir a jakarki, ko da ba a ranar za ki fito da su ba.